Shafin intanet na wani ofishin kargo a Jidda: abin da aka cire da abin da aka mayar

Ofishin na wasu Hausawa ne mazauna Jidda, kuma suna da ƙaramin reshe a Makka ta wajen Shara Mansur. Sana'arsu tura kaya gida: dabino, abaya, jallabiya, darduma, carbi, akwatunan tsaraba na alhazai da masu Umara, da kayan 'yan kasuwa masu sari. Kaya masu sauƙi suna bin jirgin sama zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Masu nauyi suna bin jirgin ruwa daga tashar Jidda zuwa Legas, daga nan mota ta ɗauka zuwa Arewa, wasu su wuce har Maraɗi da Damagaram. An sake wa shafinsu fasali sau biyu, kuma duka biyun da sunan taƙaita ado aka yi. Na farko ya yi kyau a ido amma ya ƙara wa ma'aikata aiki, na biyu kuwa bai kai shi ƙawa ba, shi ne kuma ya zauna.

Su wa ke buɗe shafin

Masu buɗe shi kashi uku ne. Akwai alhaji ko hajiyar da ke masauki a Misfala ko Kudai, saura kwana kaɗan a tashi, kaya sun fi ƙarfin kilon da jirgi ya yarda da shi. Wannan yana amfani da layin gida da ya zo da shi ko ɗan ƙaramin data na kamfanonin wayar Saudiyya, STC, Mobily ko Zain, a wurin da dubban mutane ke rububin hanyar sadarwa ɗaya. Akwai ɗan kasuwar da ke zaune a Saudiyya, wanda Larabci ya fi masa sauƙin karantawa ko da a gida Hausa yake yi. Sai mai jiran kaya a Kano ko Yamai, riƙe da Tecno, Infinix ko itel, wanda buƙatarsa ɗaya ce: kayana sun iso?

Tambayoyinsu ba su wuce biyar ba. Nawa ne kilo? Yaushe kaya za su tashi? Me ba a ɗauka? Ina kayana suke yanzu? Wace lamba zan kira? Shafin da ya amsa waɗannan ya gama aikinsa.

Tsohon shafin

An gina shi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da ƙirar da aka saya a shirye, irin wadda ake yi don ta dace da kowace sana'a, saboda haka take zuwa da kayan da rabinsu ba za a taɓa amfani da su ba. A samansa akwai hotuna shida masu juyawa da kansu, an ɗora su yadda suka fito daga waya, kowanne fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, nauyinsa wajen megabayit 3. Lissafin a fili yake. Hotunan kaɗai megabayit 18 ne, wato megabit 144. Idan hanyar sadarwa tana ba da megabit 2 a daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne a wajen cunkoso, sai an jira daƙiƙa 72 kafin su gama sauka, alhali faɗin fuskar wayar da za a kalle su a kai bai wuce fiksel 360 zuwa 412 a ma'aunin burauza ba.

Ban da hotunan, akwai rubutu mai gudu, taswirar Google da aka saka kai tsaye, akwatin Facebook, agogon lokutan salla, da tagar hira da ba wanda ke zaune a bayanta. Kowanne yana janyo nasa lambobin JavaScript, wato rubutattun umarnin da ke sa shafi aiki, daga wata saba daban, wato kwamfutar da ke ajiye su a intanet. Farashi kuwa hoto ne: an ɗauki takardar da ke manne a bangon ofis aka ɗora. Ba a iya kwafarsa, injin bincike ba ya karanta shi, kuma idan kuɗi ya canza sai an sake ɗaukar hoto, shi ya sa yakan daɗe yana nuna tsohon farashi.

Daga ina yayin ya zo

Mai zanen da aka fara ba aikin gyara ya bi yayin da ya mamaye intanet fiye da shekara goma. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana tsarin shafi guda mai daidaita kansa da kowace fuska, babba ko ƙarama. Windows 8 ya fito a 2012 da shimfiɗaɗɗun murabba'ai marasa inuwa, iOS 7 ya biyo baya a 2013 ya zubar da maɓallan da ake zana su kamar na gaske, sai Google ya kawo nasa salon zane mai suna Material Design a 2014. Flash, wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyin shafuka masu motsi da ƙara, an daina tallafa masa a ƙarshen 2020. Dalilin sauyin ba na ado kaɗai ba ne. Ƙaramar fuska ba ta ɗaukar tarkace, yatsa ya fi linzamin kwamfuta kauri, kuma Google ya koma duba siffar waya ta shafi kafin ta kwamfuta wajen jera sakamakon bincike.

Yayi dai ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2025 Apple ya dawo da sheƙi da kamannin gilashi a iOS 26. Wanda ya gina shafi don ya yi kama da abin da ake yayi, zai sake gina shi duk lokacin da manyan kamfanoni suka canza ra'ayi, kuma ƙaramin ofishin kargo ba shi da wannan kuɗin.

Gyaran farko, da yadda ya gaza

An share komai. Farin fili, bidiyon jirgin ruwa yana motsi a baya, jimla ɗaya ta Turanci da siririn rubutu mai launin toka, da layuka uku a kusurwa waɗanda sai an danna su jerin zaɓi ke fitowa. A babbar kwamfutar mai zane abin gwanin sha'awa ne. A hannun masu amfani kuwa matsaloli suka bayyana ɗaya bayan ɗaya.

Launin rubutun toka ne mai lamba #999999 a kan fari. Bambancin haskensu bai kai 3 da 1 ba, alhali ƙa'idar WCAG, wadda ta tsara yadda shafi zai yi sauƙin amfani ga kowa, ta nemi aƙalla 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 da 1 ga manyan haruffa. Toka mafi haske da ke cika wannan sharaɗi a kan fari shi ne #767676. A ɗaki mai inuwa mutum zai iya lallaɓawa, amma a ranar Makka, ga dattijon da ya bar tabaransa a masauki, rubutun ɓacewa yake yi.

Layuka ukun nan sun ɓoye farashi, jerin kayan da ba a ɗauka, da wajen bin sawun kaya. Binciken da Nielsen Norman Group, cibiyar nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ta fitar a 2016 ya nuna cewa ɓoye jerin zaɓi yana rage yawan masu gano shi, kuma a nan abin ya fi tsanani, domin da yawa daga masu buɗe shafin WhatsApp da Facebook kaɗai suka saba da su. Maɓallai kuma an mayar da su alamomi zalla ba rubutu: hoton akwati, hoton jirgi, hoton tabarau mai ƙara girma. Akwatin na nufin farashi ne ko bin sawu? Sai an danna a gani. Wayar ofis ta ci gaba da ƙara da tambayoyin da shafin ya kamata ya amsa, wasu kuma suka riƙa zuwa da kwalaben turare da batiran cajin waya a cikin kayan jirgin sama, a buɗe kwali a gabansu a fitar.

Abin da ya fi ban takaici shi ne shafin bai yi sauƙi ba. Bidiyon baya ya cinye abin da aka rage na hotuna, kuma tsohuwar ƙirar tana nan a ƙarƙashi tana sauke lambobinta duk da an ɓoye abubuwan da suke yi wa aiki. Ido yana ganin fili, waya tana jan kaya.

Sai batun haruffa, wanda masu zane da ba sa rubuta Hausa ba sa lura da shi. Zubin harafin da aka zaɓa, wato salon haruffan da ake nuna rubutu da shi, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Idan burauza ta rasa harafi a zubin da aka ba ta, takan aro shi daga wani, sai ka ga "ƙarfe" ko "kuɗi" harafi ɗaya ya fi sauran kauri ko ya karkace, a tsofaffin wayoyi ma murabba'i ne ke fitowa. Tushen matsalar a tsarin Unicode yake, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta: ƙ tana U+0199, cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, ɓ da ɗ kuma suna U+0253 da U+0257, cikin rukunin haruffan nazarin sauti. Don haka zubi zai iya samun ƙ ya rasa sauran biyun. Ga masu karatu a Nijar akwai ƴ, U+01B4, wadda ake rubutawa a madadin 'y.

Gyara na biyu

An fara da takarda, ba da kwamfuta ba. An nemi ma'aikatan da ke amsa waya su rubuta tambayoyin da ake yi musu, aka jera su bisa yawan maimaituwa, aka yanke cewa duk abin da bai amsa ɗaya daga cikinsu ba, ko doka ba ta wajabta shi ba, ba zai hau shafin farko ba. An kuma sa iyakar nauyi: kada shafin farko ya wuce kilobayit 500 gaba ɗaya. A wancan saurin na megabit 2, wajen daƙiƙa 2 ke nan.

Fuskar farko, kafin a ja ƙasa, ta ƙunshi sunan ofis, zaɓin harshe, jimla ɗaya da ke faɗin aikin da garuruwan da ake kai kaya, ranar tashin kaya na gaba, da manyan maɓallai uku masu rubutu: Farashi, Ina kayana, Yi mana magana. Babu ɓoyayyen jerin zaɓi, tunda shafukan duka huɗu ne. Tsayin kowane maɓalli fiksel 48, ma'aunin da Google ke ba da shawara, Apple kuma 44 yake cewa. WCAG 2.2 ta 2023 ta sa 24 a matsayin mafi ƙanƙanta, amma wannan ƙasan ƙasa ne, bai dace da mai dannawa yana tafe cikin jama'a ba. Rubutu fiksel 18, baƙi-baƙi a kan fari, da launi ɗaya tak na maɓallai, ta yadda duk abin da ke da wannan launin dannawa ake yi. An bar maɓallan da iyaka da ɗan cika, don a gane su ba tare da an gwada ba.

Zaɓin harshe an rubuta kowanne da harshensa: Hausa da boko, Larabci da haruffan Larabci. Ba a sa tuta ba, domin Bahaushen Nijar ko na Sudan ba zai ga kansa a tutar Najeriya ba.

Ranar tashi tana da nata tarko. Mazaunin Saudiyya yakan yi lissafi da watan Hijira, mai jira a Kano da na Miladiyya, kuma agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2. An rubuta sunan rana, sannan kwanan watan duka biyu, sannan lokacin rufe karɓar kaya tare da cewa agogon Jidda ne. Wannan ya ƙara kalmomi, amma ya kashe gardamar "ai kun ce Laraba".

Farashi, wurin da aka ƙi ragewa

A nan ne aka fi ja-in-ja da mai zane, wanda ya so a sa lamba ɗaya babba a wuce. Kuɗin kargon jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai yake bi ba. Ana auna girman kwali, a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000, sannan a caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 60 da 40 da 40 ya ba da 96,000, a raba ya zama kilo 16. Idan barguna ne a ciki sikeli ya nuna kilo 9, na 16 za a biya. Hajiyar da ta ga kuɗin kilo a shafi ta ninka da 9 za ta zo ofis da kuɗin da bai isa ba, ta tafi da zaton an cuce ta.

Saboda haka shafin farashi ya zama tebur na ainihin rubutu, gari da kuɗin kilo da kwanakin da ake sa rai, sai wannan misali na kwali a rubuce, sai ƙaramin injin lissafi mai gurabe huɗu. Ƙarƙashinsa jerin abin da ba a ɗauka a jirgin sama, kowanne da dalilinsa a taƙaice: batirin lithium saboda yana iya kama wuta, turare mai sinadarin barasa da abin fesawa saboda suna cikin kayan da ake ɗauka masu haɗari, ruwan Zamzam saboda ba a fitar da shi ta hanyar kasuwanci. Mutum ya fi bin doka idan an gaya masa dalili.

Kuɗin an rubuta shi da kalmar riyal. Sabuwar alamar riyal da aka amince da ita a watan Fabrairun 2025 ba ta shiga zubin haruffan tsofaffin wayoyi ba, kuma murabba'i a gaban farashi ba abin da ake so ba ne.

Ƙananan abubuwan da ke karya shafi mai harshe biyu

Gefen Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu. An sa lang="ar" da dir="rtl" a kansa, lang="ha" a na Hausa, aka kuma rubuta tazarar gefe da margin-inline-start maimakon margin-left, don tsari ɗaya ya juya da kansa ba sai an rubuta biyu ba. Lambar waya mai tazara a tsakiyar jimlar Larabci takan hargitse, rukunonin lambobi su sauya wuri. Maganinta a killace ta da dir="ltr".

Wajen bin sawun kaya ya fi wahalar ganowa. Mutane suna rubuta lambar rasiɗinsu daidai, shafi yana cewa babu ita. Dalili shi ne wanda allon rubutun wayarsa na Larabci ne, lambobin Larabci yake shigarwa, kwamfuta kuma ba ta ɗaukar ١٢٣ da 123 a matsayin abu ɗaya. Layuka kaɗan na lambobi da ke mayar da su kafin a bincika, tare da share tazara, suka warware shi. An sa inputmode="numeric" don allon lambobi ya fito kai tsaye, kuma rubutun gurbin bai yi ƙasa da fiksel 16 ba, domin iPhone yakan zuƙo fuska da kansa idan ya gaza haka. An tsara binciken ya yi aiki daga saba ko da JavaScript bai tashi ba, saboda masu amfani da burauzar Opera Mini a yanayin tsimin data.

Haruffa: Noto Sans don Hausa, Noto Naskh Arabic don Larabci, kauri biyu kacal, a tsarin WOFF2 mai rage nauyi, an yanke su zuwa haruffan da ake buƙata. Wajen yankewar ne ake yawan zubar da ɓ da ɗ ba a sani ba, don haka an ajiye jimlar gwaji mai ɗauke da ƙanana da manyan haruffan duka, ana duba ta duk lokacin da aka taɓa zubin. An sa font-display: swap don rubutu ya bayyana tun kafin zubin ya gama sauka.

Hoto ɗaya aka bari, na ƙofar ofis da allon sunansa, tunda mai nema da ƙafa shi zai gane. An rage shi zuwa faɗin fiksel 800 a tsarin WebP mai rage nauyin hoto, aka rubuta faɗinsa da tsayinsa a lambobin shafi don kada rubutu ya yi tsalle idan ya sauka. Taswira ta koma mahaɗi mai buɗe manhajar taswirar waya. Tagar hira ta koma mahaɗin wa.me, wanda ake rubuta masa lamba da 966 a gaba, ba alamar tarawa, ba sifilin farko, tare da saƙo a shirye: "Salamu alaikum, ina da kaya zuwa Kano." Tunda yawanci ta WhatsApp ake tura wa juna shafin, an cika bayanan Open Graph don suna da ƙaramin hoto su fito a cikin saƙo.

Abin da doka ta hana a share

Gyaran farko ya cire ƙasan shafi ɗungurungum don ya yi tsaf. An mayar da shi. Dokar kasuwancin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta wajabta wa mai ba da hidima ya bayyana sunansa, adireshinsa, hanyar tuntuɓarsa da bayanan rajistar kasuwancinsa. Dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Satumban 2023 aka kuma ba da shekara guda ta shiri, ta shafi duk fom ɗin da ke karɓar suna da lambar waya. Tsohon fom yana neman hoton fasfo tun kafin a yi ciniki. An cire wannan, aka bar suna, lamba da garin da kaya za su, da gajeren bayani kan abin da za a yi da su. Takardun shaida a ofis ake karɓarsu lokacin ajiye kaya.

Aunawa da abin da ya rage

An auna da PageSpeed Insights, manhajar Google ta gwada saurin shafi, bisa ma'aunansa na Core Web Vitals: babban abin da ke fuska ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, tsallen shafi kada ya wuce 0.1, amsa dannawa kada ta wuce milidaƙiƙa 200. Sabon shafin ya shiga cikin iyakokin uku. Gwajin da ya fi amfani dai shi ne na hannu: a miƙa wa dattijo ƙaramar waya a waje da rana, a ce ya nemo kuɗin kilo zuwa Kano, a yi shiru a kalla. Da wannan aka gano cewa ba a fahimtar kalmar "bibiya" a kan maɓalli, aka canza ta zuwa "Ina kayana".

Matsala ɗaya ba ta zane ba ce, kuma har yanzu ita ce mai rauni. Shafin da ya sa ranar tashi da farashi a gaba ba shi da inda zai ɓuya idan suka tsufa. An haɗa waɗannan gurabe da tebur ɗaya da ma'aikaci ke cikawa daga waya, aka sa ranar sabuntawa ta ƙarshe a ƙarƙashin farashi, kuma idan ranar tashi ta wuce ba a shigar da sabuwa ba, shafin yana cire ta da kansa ya rubuta "A tuntuɓe mu don ranar tashi ta gaba". A lokacin aikin Hajji da goman ƙarshe na Ramadan, da kaya ke cika ofis har bakin ƙofa, wannan jimlar takan kwana biyu ko uku a shafin kafin wani ya sami sararin cike teburin.